Kuɗin haya ba duka ne na mai gida ba

Ka tambayi ma'aikacin da ya kusa ritaya a Kano me zai yi da garatutinsa, da wuya amsar ta wuce ɗaya: zai tayar da ɗakuna a Rijiyar Zaki ko Mariri, ya zuba 'yan haya, ya huta. Ban raina wannan tunani ba, domin ƙasa ba ta zubewa yadda naira ke zubewa. Abin da ke damuna shi ne, lissafin yawancinmu yana tsayawa ne a ranar karɓar kuɗi.

Mu ƙaddara fili da gini sun cinye naira miliyan 30, hayar shekara kuma miliyan ɗaya da rabi. Kashi 5 cikin 100 ke nan, sai an yi shekara 20 kafin uwar kuɗi ta dawo, shi ma idan gidan bai taɓa zama babu kowa ba. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, buhun siminti ya wuce naira dubu goma a wurare da dama. Haya ba ta iya wannan gudu, tunda albashin ɗan haya bai yi shi ba.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon malamin makaranta, da ya gina ciki da falo guda huɗu. Ya karɓi kuɗin shekara biyu a dunƙule, ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, kowa ya sa albarka. Da damina ta kankama sai rufi ya fara yoyo, shadda ta cika. Na gan shi tsaye a zaure, matar wani ɗan haya tana nuna masa katifar da ta shanya a kan katanga tana ɗigar ruwa, ba shi da ko sisin kiran kafinta. 'Yan haya suka haɗa kuɗi suka gyara, suka ce za su cire a hayar gaba, shi kuma ya ce ba a yi haka da shi ba. Magana har gaban mai unguwa, kuma babu takardar da za a buɗe.

Shi ya sa nake ganin karɓar kuɗin shekara biyu ya fi cutar mai gida fiye da yadda yake zato. Ya ɗaure kansa da tsohon farashi, kuɗin kuma ya shige wata hidima. Jihar Legas ma tun 2011 dokarta ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Gara a karɓi na shekara, a ware wa gidan kasonsa tun a ranar, ko da kashi ɗaya cikin goma ne, kada a taɓa shi sai don kwano, famfo da kwashe shadda.

Wasu za su ce rubuta yarjejeniya rashin yarda ne, musamman idan ɗan uwa ne ya kawo mutumin. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi. A rubuta wa zai yi wane gyara, yadda za a raba kuɗin wuta idan mita ɗaya ce, da wanda zai biya dillali la'adarsa. A kuma sani, in ba a rubuta wani wa'adi ba, mai hayar shekara notis ɗin tashi na wata shida yake da shi, sannan na kwana bakwai, sannan kotu. Cire masa ƙofa ko kwance rufi laifi ne da zai juyo kan mai gida.

Ribar gaskiya tana cikin tashin darajar filin, ita kuma tana rataye da takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, don haka takardar ciniki mai sa hannun shaidu ba ta kai shaidar mallaka ta gwamnati ba. Kafin a biya, a je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, a binciki filin, a kuma nemi izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kafin a haƙa tushe.