Robar da ke dawowa wayam

Likitan haƙori ne ya ja min. Ya leƙa bakin autana mai shekara 7, ya ɗago ya yi min irin kallon da ake yi wa wanda aka kama da akuyar mutane. Haƙora biyu sun fara rami. Da ya tambayi abin da nake saka masa a robar makaranta, sai na ce biskit da lemon kwali, muryata can ƙasa.

A daren na zama ƙwararriya. Na karanta cewa tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da na lemon kwalin nan da nake ɗauka lafiyayye, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abincin yini. A 2023 kuma ta ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 9 ya ci aƙalla giram 350 na kayan lambu da na marmari kullum. Giram 350! Ga yaron da in ya ga koren abu a faranti yake tsince shi kamar ƙayar kifi.

Da asuba na hau yanka: karas siri-siri, kokwamba, tuffa, ga dafaffen ƙwai da burodi. Har hoto na ɗauka.

Ya dawo da komai yadda na zuba, ban da burodin. "Umma, tuffar ta ruɓe." Ba ruɓewa ta yi ba, iska ce ta taɓa inda aka yanka ya yi ja, ɗan ruwan lemon tsami ke hana hakan. Ƙwan kuwa na bar shi a wuta har gefen gwaiduwa ya yi kore, ya kuma yini a rufe. "Umma, don Allah kar ki ƙara sa min ƙwai. Ina buɗewa aka ce tusa na yi."

Na janye ƙwai, na dage da sauran. Mako na biyu sai ga roba wayam, washegari ma haka. Ni kuwa kai ya kumbura. Na ce wa babansu tarbiyya haƙuri take so, ya ce to, bai ko ɗago ba. Ƙawayena sun sha wa'azi, har wadda 'ya'yanta suka gama jami'a.

Wata rana ina bakin ƙofar makaranta, wata mata ta riƙo hannuna tana fara'a.

"Baiwar Allah, ke ce mahaifiyar mai karas? Allah ya saka miki. Shekara biyu ina fama da yaron nan ya ci kayan lambu, yanzu har tambayar kokwamba yake."

Na kalli ɗanta, kumatu sumul, fata sai sheƙi. Na kalli nawa, yana nazarin takalminsa, ga burbushin biskit a gaban riga. Wato mako uku ina tashi da duhu ina yi wa wata kiwo.

A hanya na sa shi gaba. Ashe kasuwa ce sosai, da farashinta. Yankan karas biyar biskit ɗaya, kokwamba sai an haɗa da roƙo, tuffa kuwa yanka ɗaya biskit biyu, musamman tun da na fara ɗiga mata lemon tsami ta daina canza kala. Da hannuna na gyara masa haja.

Na yi faɗa har muka iso gida, na kawo zancen likita, na kawo giram 350. Ya saurara tsaf kamar mai tuba. Da na gama, ya matso ya riƙe gefen zanena.

"Umma, gobe ki ƙara tuffa. Akwai wanda ya riga ya biya."