Koci ya ce "an saye shi", yara suka yi kaina

Shekara 11 ke nan ina busa usur a wasannin ƙwallon ƙafa na makarantun sakandare na yankinmu, nan ƙasar Ringim, ban taɓa komawa gida da yagaggiyar riga ba sai ranar Alhamis ɗin da ta wuce. Kuma ba ɗan daba ne ya yaga ta ba. Ɗalibi ne ɗan aji biyar, sa'an ɗana na fari, malamin da ke horar da su yana tsaye a bayansa yana ihu: "Kada ku bar shi, an saye shi!"

Wasan kusa da na ƙarshe ne, bayan La'asar. Fili irin namu na ƙauye, rairayi da ƙaya, layin da toka aka ja shi, raga kuwa turaku biyu ne aka gitta musu gora. Ana ɗaya da ɗaya, saura kamar minti ashirin a tashi, ƙwallo ta fita ta gefe. Yaron baƙi ya jefo ta da hannu, ta sauka a ƙafar ɗan gabansu da ke bayan 'yan baya, ya narka ta a raga. Na nuna tsakiya, alamar ƙwallo ta ci. Kafin in juyo, kocin masu gida ya tsallako layi a guje, hularsa a hannu, yana "Satar gida! Satar gida!"

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin dokokin ƙwallo ya san doka ta 11 ta ce babu satar gida idan ɗan wasa ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola. Wannan ba sabuwar doka ba ce, mun taso mun tarar da ita. Na ce masa, "Malam, jifa ce, ka koma layi don Allah." Sai ya matso har ina jin hucin bakinsa, ya ce, "Kai wa? Nawa suka ba ka?" Sannan ya ɗura mini ashar, ya haɗa da mahaifina da ke kwance a kabari, a gaban yara sama da ɗari, wasunsu na koyar da su a firamare.

Nawa suka ba ni? Naira dubu uku kwamitin gasa yake ba mu, mu raba da masu ɗaga tuta biyu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da ke zuwa hannuna ba ya kai babur ɗina filin ya dawo da ni gida. Daga aljihuna nake cikawa. Usur ɗin da katunan ma ni na sayo su a Kano da kuɗina.

Tun daga 2019 doka ta ba alƙalin wasa damar ɗaga wa koci katin gargaɗi ko jan kati, kamar yadda ake ɗaga wa ɗan wasa. Na zaro jan kati na ɗaga masa. Ya fizge shi daga hannuna ya jefar a ƙasa ya taka. To yara me suke jira? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Suka yi mini zobe. Wanda ya ci kwalata ina kallon hannunsa yana rawa, idonsa ba a kaina yake ba, a kan kocin yake, yana neman a ce masa ya kyauta. Wani dattijo mai sayar da rake ne ya kutso ya rungume ni, yana cewa, "Ku ji tsoron Allah, malaminku ne fa!" Ɗaya daga cikin masu ɗaga mini tuta, matashin da nake koya wa aikin, ya jefar da tutar ya faɗa gonar dawa. Da daddare ya kira ni ya ce, "Malam, ka yafe ni, ni da alƙalanci har abada." Shekara biyu ina lallaɓa yaron nan.

Na san inda aka kwaso wannan ɗabi'a. A gidan kallo ake ganin manyan kociyoyin Turai suna tada jijiyar wuya a bakin layi, sai namu su ɗauka hakan ne ƙwarewa. Amma rabin labarin suke ɗauka. A 2023, bayan Sevilla ta doke Roma a wasan ƙarshe na kofin Europa a Budapest, kocin Roma Jose Mourinho ya tare alƙalin wasa Anthony Taylor a wurin ajiye motoci ya zazzage shi. Washegari magoya bayan Roma suka yi wa mutumin da iyalinsa ca a filin jirgi. Haka abin yake ko'ina, koci ya yi da baki, mabiya su ƙarasa da hannu. Sai dai can jami'an tsaro sun kare alƙalin, hukumar ƙwallon Turai UEFA kuma ta dakatar da Mourinho wasa huɗu. Ni mai rake ne ya kare ni, kocinmu kuwa ko takardar gargaɗi ba a ba shi ba.

Washegarin wasan namu na je wurin shugaban makarantar kocin da rigar a leda. Ya dube ta ya ce, "Malam, a yi haƙuri, ka san ƙwallo, zuciya ce." Na ce, "Ranka ya daɗe, da a aji ne ɗalibi ya ci kwalar malamin lissafi, zuciya za ka kira shi?" Ya yi shiru. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan kocin shi ke tsayawa a bakin ƙofa da bulala yana zane 'yan makara, shi ke yi wa yara huɗubar ladabi a taron safe. Da yamma kuma ya koya musu cewa idan hukunci bai yi maka daɗi ba, ka ce an ci hanci, ka tara jama'a. Wanne daga cikin darussan biyu yaro zai riƙe?

Alƙali yana kuskure, ban musa ba. Ido biyu ne da ni, babu na'urar VAR mai maimaita hoton wasa, ga ƙura, ga 'yan kallo da ke shigowa har cikin layi. Amma akwai hanya. Kyaftin ya zo ya tambaya cikin mutunci, kamar yadda aka tsara a gasar Euro 2024 cewa shi kaɗai zai yi wa alƙali magana. Bayan wasa koci ya rubuta ƙara ya kai wa kwamiti. Ba a hana kowa ba.

Yaron da ya yaga rigar ya zo gidana daren Juma'a, mahaifinsa na riƙe da hannunsa. Ya durƙusa a soro yana kuka, ya ce, "Wallahi Malam, Koci ne ya ce." Na yafe masa nan take. Wanda ya ce ɗin har yau ban ga ƙeyarsa ba.

Jiya sakataren kwamiti ya kira ni, wai sun zauna, don a zauna lafiya an soke ƙwallon, za a sake wasan ranar Asabar a filin nan dai, kuma kocin zai zauna a bencinsa. Wato yaran baƙi da suka ci halaliyarsu su aka hukunta. Ya ce ko zan daure in zo in busa, don sun kira mutum uku duk sun ƙi. Na ce masa ya rubuta ni na huɗu.