Garantin Mota Na Naira 450,000 Da Bai Ɗaure Min Ko Noti Ɗaya Ba

Jiya da la'asar ƙanena ya kira ni daga wajen masu sayar da motoci. Ya ga wadda ta kwanta masa, an gama ciniki, sai suka ce ya ƙara kuɗi su ba shi garanti na shekara guda a kan injin da giyabos. Ya ce, "Yaya, in biya?" Na ce masa kada ya kuskura ya sa hannu a kan kowace takarda sai ya zo gida mun zauna. Tun da ya ajiye wayar raina yake tafasa, don ya fama min gyambon da har yau bai warke ba.

A watan Maris na 2024 na sayi tawa, tokumbo ce da aka shigo da ita daga Amurka. Sai da na sayar da filina na Rigasa, na haɗa da bashin da na ci a ƙungiyar taimakon juna ta wurin aikinmu, sannan kuɗin suka cika. Ina shirin karɓar makulli sai wani matashi mai ɗaure da lakataye ya ja ni ofis, ya ba ni ruwan sanyi, ya ce, "Yallaɓai, ka ga yadda dala take. Giyabos ɗin motar nan in ya tashi, kusan miliyan za ka nema. Ka ba mu 450,000, wata 12 ko kilomita 20,000, duk abin da ya sami injin ko giya namu ne, kai dai ka kawo mota ka tafi gida ka kwanta."

Batun dala bai yi ƙarya ba, kuma da shi ya kama ni. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, Babban Banki kuma ya saki naira a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa kusan 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kayan gyaran mota kuwa kusan duka daga waje suke zuwa. Abin da ka taya da safe, da yamma an ƙara masa kuɗi. Mutumin da ya sayar da fili ya ci bashi ya sayi mota, babu abin da yake tsoro kamar a ce masa injin ya buga. Wannan tsoron suka sayar min. Takardar shafi 11 ce, da Turancin lauyoyi, rubutun kamar ƙafar kiyashi. Ya buɗe min shafin ƙarshe ya nuna inda zan sa hannu, bai ce min uffan ba game da sauran goman.

Abu ɗaya da ya faɗa a gurguje shi ne a wurinsu zan riƙa yin juye duk kilomita 5,000. Na je sau biyu. Kowane zuwa naira 85,000, aikin da makanikena na Kurmin Mashi yake yi min a 40,000 har da kuɗin baƙin mai da filta. Kuma a wurinsu ba ka ganin abin da ake yi wa motarka, a ɗakin jira za a ajiye ka gaban talabijin sai an gama a miƙo maka takarda. Na haɗiye, na ce ai kwanciyar hankali nake saye. Aikina na zirga-zirga ne tsakanin Kaduna da Zariya, don haka kilomita ba ta jimawa take cika. Juye na uku ya zo daidai da rasuwar kawuna a Katsina. Na kira su ranar Juma'a da hantsi, suka ce layi ya cika sai Talata. Gawa za ta jira Talata ne? Na kai wa makanikena, na sayi irin man da suke zubawa, galan a rufe, aka fasa a gabana, na karɓi rasit na ajiye.

Ranar wata Laraba a watan Satumba, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ɗauko yara daga Islamiyya. Muna fara hawa gadar Kawo sai motar ta yi wata irin fizga, ta sake yi, sai injin ya hau kuka amma taya ba ta juyawa. Na taka totur, ƙara kawai. Bayana 'yan bas da masu Keke sun cika wurin da hon, wani ya leƙo yana zagi. Autata ta fashe da kuka, ta ƙanƙame allonta. Wasu samari huɗu, Allah Ya saka musu da alheri, su suka shiga ruwan nan suka tura mu gefe, ko sisi suka ƙi karɓa. Na kira lambar gaggawa da ke jikin takardar garantin har sau bakwai, ba a ɗaga ba. Na nemi janwe da kaina, naira 35,000, na tsayar wa yara Keke, ni kuma na bi motar jiƙe sharkaf har ƙofar kamfanin. Amma a zuciyata ina cewa alhamdulillahi, ranar da na biya wa kuɗi ce ta zo.

Kwana tara motar ta yi a harabarsu. Yau injiniya ya tafi Abuja, gobe ana jiran amsa daga Legas, jibi manaja yana taro. Matashin mai lakataye da ya ba ni ruwan sanyi, da ya hango ni sai ya kara waya a kunne ya bi ta wata ƙofa. A rana ta tara manajan ya kira ni, ya buɗe shafi na 7, ya ɗora biro a kan wani layi: duk motar da wani ya taɓa ba su ba, garantinta ya faɗi. Na ce, "Ranka ya daɗe, baƙin man injin aka canja. Giyabos ne ya lalace. Mansa daban, mazubinsa daban, ko yaron gareji na wata uku ya san wannan. Mece ce haɗin kifi da kaska?" Ya ce, "Alhaji, haka tsarin yake, kuma ka sa hannu." Sai ya ƙara da cewa ko ba wannan ba, sun ga alamar ruwa a ƙarƙashin motar, kuma ɓarnar ruwa ba ta cikin yarjejeniya. Alamar ruwa, a Kaduna, a watan Satumba! Wace mota ce a garin nan cikinta yake a bushe da damina?

A daren na zauna da tabarau na bi takardar layi bayan layi, jikina yana rawa. Shokzoba ba ta ciki. Bal joyin, tayarod, bushin, birki, batir, taya, wayoyin wuta, na'urar sanyaya mota, duk babu. Abin da rami ya jawo babu. Abin da ruwa ya jawo babu. Abin da gurɓataccen fetur ya jawo babu. In mota ta yi zafi ta ƙona gaskit, laifin direba ne. Sannan ga wata jimla da ta haɗiye sauran, wai duk abin da ya cinye saboda yawan aiki ba nasu ba ne. To don Allah me ke kashe mota a Kaduna in ba waɗannan ba? Duk wanda ya bi hanyar Abuja a shekarun da aka kwashe ana aikinta tun 2018 ya san abin da take yi wa ƙafar mota. Ƙurar hunturu tana toshe filta, zafin Maris da Afrilu yana dafa lagireto. A watan Fabrairun 2022 hukuma da bakinta ta amsa cewa an shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima, an sayar wa mutane, motoci suka lalace. Sun zauna sun lissafa duk cutar da ke kama mota a ƙasar nan sun zare hannunsu daga ita, sannan suka sayar min da abin da ya rage. Motar da ta yi shekaru a Amurka kafin ta hau jirgin ruwa, wane ƙarfe ne a jikinta ba za a ce aiki ne ya cinye shi ba?

Kalmar garanti ɗin ma aro suka yi don su ruɗe mu. Garanti na gaskiya shi ne wanda kamfanin da ya ƙera mota yake bayarwa a kan sabuwa, ba tare da ka ƙara ko kwabo ba. A Amurka yawanci shekara 3 ne ko mil 36,000, Hyundai da Kia ma suna ba wanda ya fara saye shekara 10 ko mil 100,000 a kan injin da giya. Wannan alkawarin mai ƙira ne a kan aikin hannunsa, kuma yawancin tokumbo kafin su iso nan ya daɗe da ƙarewa. Abin da aka sayar min yarjejeniyar gyara ce tsakanina da dillali, shi ya rubuta ta, shi zai duba motar, shi zai yanke hukuncin ko zai biya. Shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali. Inshorar dole da muke ƙorafi a kanta ma ta fi wannan mutunci: naira 15,000 ce a shekara tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, kuma akwai hukumar NAICOM a kan kamfanonin. Takardata kuwa na juya ta gaba da baya, babu sunan kamfanin inshora ko ɗaya a jikinta.

Abin da ya fi ƙona min rai, a Kaduna ake yi mana wannan. Garin da aka fara haɗa Peugeot a Kakuri a 1975. Mahaifina ya yi shekaru da 504, bai taɓa sayen wata takarda ba, makanike ɗaya ya riƙe har ya bar tuƙi. Garin da yake da Panteka, inda in ƙarfe ya gagara samuwa za a zauna a ƙera maka shi. A nan ne za a ce min hannun makaniken da ya fi shekara 20 yana kwance giyabos najasa ne, in ya taɓa mota alkawari ya warware.

Shi ɗin dai na koma wa. Aka ja motar zuwa Kurmin Mashi, ya kwance farantin ƙasan giyabos ya kira ni. Man ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙuna. Ya dangwalo da yatsa ya shafa min a tafin hannu, garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Ya ce, "Alhaji, man nan tun daga can ƙasarsu ba a taɓa canja shi ba. Da a sabis ɗin farko aka duba, da ba mu zo nan ba." Na ɗauko takardun sabis ɗinsu guda biyu, a kowace an yi maki a gaban man giya, wai lafiya lau. Wato na biya 85,000 sau biyu don a yi maki da biro. Muka samo giyabos tokumbo a 880,000, kuɗin aiki 60,000. Mai shagon ya sa masa alama da fenti ya ce, "Mako biyu, in ya ba da matsala ku dawo da shi in canja." Babu shafi 11, babu lauya, kuma na san shagonsa, na san shugaban layinsu.

Ga lissafin da na yi wa ƙanena da ya zo bayan isha'i. Garanti 450,000, rarar da na biya a sabis biyu 90,000, jimla 540,000. Da na ajiye su a asusu, da sun biya fiye da rabin gyaran, da ban sake komawa ƙungiya neman bashi a kan bashi ba. Na ce masa in sabuwa ce dal daga dillalin da kamfanin ƙira ya amince da shi, wannan wata magana ce, a zauna a karanta. Amma tokumbo, ya ɗauki makanike ya biya shi ya duba ta, a sa mata kwamfuta, a zaro man giya a shinshina, a hau da ita titi kafin a biya. In kuma sun matsa da garantinsu, ya ce su ba shi takardar ya kwana da ita, su nuna masa wanda zai biya in an kawo gyara, su rubuta kwana nawa za su riƙe mota. Ya kira su a gabana. Suka ce takarda ba ta fita daga ofis sai an biya.

Ni kuma ban haƙura ba. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, akwai hukumar FCCPC da aka kafa a ƙarƙashinta, kuma na rubuta ƙorafina na haɗa da rasit ɗin juye, da takardun sabis biyun masu maki, da hoton tafin hannuna da garin ƙarfe. Tsohon giyabos ɗin ma na hana a sayar wa 'yan gwangwan, yana nan a buhu a bayan ɗakin girki, da mansa a cikin gora, don duk ranar da aka kira mu zama da shi zan je.