Niyukiliyosom ba ƙwayoyin carbi ba ne kawai

Abin da ke damuna shi ne yadda ɗalibai da yawa ke ɗaukar niyukiliyosom, wato ƙananan dunƙulen DNA da furotin, tamkar ƙwayoyin carbi da aka jera a zaren DNA ko ta ina, don kawai a naɗe shi ya shiga cibiyar ƙwayar halitta. Ba laifinsu ba ne, haka hotunan littattafai ke nunawa, kuma gaskiya ne kowane niyukiliyosom yana naɗe haruffan DNA kimanin 147 a kan furotin takwas da ake kira histon.

Sai dai wurin zamansu ba na kara-zube ba ne. A bakin yawancin ƙwayoyin gado, wato sassan DNA masu ɗauke da saƙo, akwai fili da ake bari kusan babu niyukiliyosom, domin furotin masu karanta saƙo su samu wurin sauka. Niyukiliyosom na farko bayan filin, wanda ake kira +1, yana zama daram a wuri guda. Na bayansa suna bin sa a jere, amma tsarin yana sassautawa idan aka yi nisa.

Me ke jawo haka? DNA mai jerin harafin A ko T da yawa yana da tauri, ba ya son lanƙwasuwa, don haka niyukiliyosom ba ya yawan zama a kansa. Sannan akwai furotin masu amfani da ATP, sinadarin da ke ba ƙwayar halitta kuzari, kamar RSC da ISW1 a yisti, da ke turawa ko cire niyukiliyosom.

Misali, a yisti, idan sinadarin fosfet ya yi ƙaranci, ana kawar da niyukiliyosom daga bakin ƙwayar gadon PHO5, sai ta fara aiki.