Concorde: asarar ta Birtaniya da Faransa ce, ribar kuwa Faransa ta kwashe

Har yau idan aka tayar da zancen Concorde, jirgin fasinjan nan mai gudun da ya wuce na sauti da Birtaniya da Faransa suka ƙera tare, Baturen Ingila zai ce injin nasu ne, Bafaranshe kuma ya ce ai daga birninsu na Toulouse ya fara tashi. Dukansu gaskiya suke faɗa. Sai dai a ganina wannan musun ya kauce wa tambayar da ta fi nauyi. Bayan ƙasashen biyu sun narkar da kuɗin masu biyan haraji a jirgin da bai taɓa maido da kuɗin ƙera shi ba, wace ce ta tashi da wani abu a hannu? Ni dai amsata Faransa ce, kuma ba sa'a ce ta ba ta ba.

A ƙarshen shekarun 1950 kowace ƙasa tana da nata zanen jirgin fasinja mai gudun da ya wuce na sauti. Kamfanin Bristol yana da nasa, Sud Aviation na Faransa yana da Super-Caravelle. Kowa ya yi lissafi ya ga aljihunsa ba zai ɗauka ba. Shi ya sa ranar 29 ga Nuwamba, 1962, gwamnatocin biyu suka rattaba hannu a Landan cewa za su raba aikin da kuɗin daidai wa daida. Birtaniya ce da kanta ta nemi a ɗaure yarjejeniyar yadda wanda duk ya janye zai ɗanɗana kuɗarsa. Aure ne aka ɗaura ba saki. Shekara biyu kacal bayan haka, gwamnatin Harold Wilson ta hau mulki a 1964, ta duba asusu, ta so ta zame, ta tarar igiyar da ƙasarta ta murɗa ita ta riƙe ta. Kuma ga ɓacin rai tun kafin nan, domin Birtaniya ta sa rai haɗin gwiwar zai buɗe mata ƙofar kasuwar bai-ɗaya ta Turai, amma a Janairun 1963 shugaban Faransa Janar de Gaulle ya rufe mata ƙofar.

A wajen fasaha ba na rage wa Birtaniya komai. A cibiyar bincike ta Farnborough aka yi nazarin siririn fiffiken nan mai kusurwa uku, kuma cikin waɗanda suka ja ragamar nazarin akwai Jamusawa biyu, Dietrich Küchemann da Johanna Weber, waɗanda ba a cika ambata ba idan ana alfahari. Injin Olympus 593 daga Bristol ya fito, asalinsa injin jirgin yaƙi ne na Vulcan. Aikinsu da ya fi burge ni shi ne mashigar iska. Jirgi yana tsala gudun da ya ninka na sauti sau biyu, wajen kilomita 2,180 a awa, alhali inji ba ya iya shaƙar iska mai irin wannan sauri. Sai suka ƙera wasu faranta masu motsi a bakin injin, waɗanda ke rage wa iskar gudu cikin 'yan mitoci kafin ta isa ciki. Ba don wannan ba, da man jirgin bai kai shi tsallaken tekun Atlantika ba.

Faransa ta ɗauki kaso mafi tsoka na gangar jiki: fukafukai, tsakiyar jirgin, da tsarin sarrafa shi ta wayoyin lantarki. Kamfaninta SNECMA ya yi ɓangaren bayan injin. Matsalolin kuwa na kowa ne. Gogar iska tana kai zafin hancin jirgin digiri 127, har jirgin ya ƙara tsawo da kusan taƙi guda yana cikin tafiya. Idan ya shiga gudun da ya wuce sauti, sai an tura mai zuwa tankin baya don ya daidaita. Duk wannan, wasu na awo da inci, wasu da mita, kuma sassan suka zauna daram.

Ranar 2 ga Maris, 1969, André Turcat ya ɗaga na farko daga Toulouse, Brian Trubshaw ya bi da na Birtaniya ranar 9 ga Afrilu. Sobiyet ta riga su tashi da Tu-144, amma bai daɗe yana jigilar fasinja ba. Amurka kuwa ta watsar da nata na Boeing a 1971. Jirgin ya ma ratsa sararin samaniyarmu. Ranar 30 ga Yuni, 1973, ya ɗauki masana ya bi inuwar wata a saman Sahara lokacin husufin rana, suka yi minti 74 cikin duhun husufin, sannan ya sauka a Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau.

To, a kasuwa fa? Nan ba abin ɓoyewa. An ƙiyasta aikin zai ci fam miliyan 150 zuwa 170, ya haura fam biliyan 1. A 1973 kamfanonin jiragen sama na Amurka, Pan Am da TWA, suka fasa saye, Amurka ta hana irin wannan gudu a saman ƙasarta saboda ƙararsa mai kama da tsawa, farashin mai ya yi tashin gwauron zabo. Jirage 20 aka ƙera, 14 suka yi jigila, duk a hannun British Airways da Air France. Kuma saboda kowa yana son a ce a gidansa aka haɗa, aka kafa wurin haɗawa biyu, ɗaya a Filton ta Ingila, ɗaya a Toulouse. Wannan almubazzaranci ne tsagwaronsa. Ma'aikacin da ya biya haraji bai shiga jirgin ba. Masu hannu da shuni 100 ne ke zuwa New York daga Landan cikin awa uku da rabi, irin su Mobutu na Zaire kuma suna ɗaukar shatarsa zuwa garinsa Gbadolite. Bayan hatsarin da ya yi a Gonesse kusa da Paris ranar 25 ga Yuli, 2000, wanda ya ci rayuka 113, sai aka ajiye shi a 2003.

Wanda ya ce asara ce bai yi ƙarya ba, amma ya tsaya a rabin lissafi. Shekarun da aka yi ana ja-in-ja a kan zane ɗaya sun koya wa injiniyoyin Turai yadda ake ƙera fiffike a wata ƙasa, ganga a wata, a haɗa su a wuri guda. Faransa ta ɗauki wannan a matsayin jari. Ta sa kafaɗa aka kafa Airbus, kamfanin haɗin gwiwar ƙasashen Turai na ƙera jirage, a 1970, ta tsaya kai da fata wurin haɗawa ya zama Toulouse, kuma wannan karon ba a raba shi biyu ba, sai daga baya aka ƙara Hamburg ta Jamus. Dabarar sarrafa jirgi da lantarki da aka goge a Concorde ta ci gaba har ta kai ga jirgin Airbus A320. Gwamnatin Birtaniya kuwa, da zafin abin da ta kashe, ta janye daga shirin Airbus a 1969. Kamfanin Hawker Siddeley ne ya ƙi sakin aikin fukafukai, ya ci gaba ba tare da gwamnatinsa ba. Sai a 1979 Birtaniya ta dawo, da kashi 20 cikin ɗari, bayan an riga an raba kujeru.

Abin da ke damuna da lamarin Birtaniya ke nan. Ta biya cikakken kuɗin karatun, ta ba da wasu daga cikin mafi ƙwarewar masananta, amma da lokacin cin moriya ya zo sai ta ja da baya. Yau a Broughton ta Birtaniya ake ƙera fukafukan yawancin jiragen Airbus, aiki ne mai daraja da ke ciyar da dubban iyalai. Amma daga nan ɗaukar su ake yi a kai Toulouse ko Hamburg, inda ake haɗa jirgin a miƙa wa mai saye.