Takalmina da Ƙofofi Huɗu na Madurai

Ni dai rakiya ce ta kai ni Indiya. Yanar ido ce ta matsa wa Kawu, aka ce a kai shi Madurai da ke jihar Tamil Nadu, can kudancin ƙasar, ni kuma aka ɗora min jakarsa wai don ina jin Turanci. Ranar da aka yi masa aiki aka manne idon da bandeji, sai ya ce in fita in sha iska, na ishe shi da safa da marwa a ɗaki.

Duk inda ka tsaya a tsakiyar garin sai ka hango hasumiyoyin ɗakin bautar Minakshi, wata abar bautar 'yan Hindu. Guda 14 ne, ta kudu ta haura mita 50, kuma daga ƙasa har ƙoli an cushe su da mutum-mutumi kala-kala. Na ce bari in je in kashe kwarkwatar ido.

A bakin ƙofa aka ce a cire takalmi. Waya ma aka karɓe, don tun bayan gobarar da aka yi a wurin a 2018 kotu ta hana shiga da ita. Na miƙa sabon takalmina na fata, ɗan Ƙofar Wambai, aka ba ni 'yar takarda. Abin da ban yi ba shi ne ɗaga kai in ga wace ƙofa ce.

Ina shiga wani dattijo ya maƙale min, wai shi ɗan jagora ne. Ya ce Minakshi na nufin mai idon kifi, kuma a wurinsu yabon kyau ne. Na ce a raina, je ka faɗa wa budurwa haka a Fagge ka gani. A labarinsu, daga cikin wutar hadaya ta fito wa wani sarkin Pandiya da ya rasa haihuwa, ta gaji sarauta, ta yi ta cin ƙasashe da yaƙi har ta haɗu da Shiba, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu, ta aure shi. Har yau duk dare sai a saɓo gunkin mijin a kafaɗa, da ganguna da wata algaitarsu, a kai shi ɗakinta. Na ce, "Baba, ashe dai mijin Hajiya ne?" Bai gane ba, amma ya ce tabbas a Madurai ita ce mai gari.

Ya ba ni labarin yadda rundunar Malik Kafur daga Delhi ta wawashe garin a 1311, da yadda sarakunan Nayak suka sake gina wurin bayan shekaru fiye da ɗari biyu. Can ciki ba a barin wanda ba Hindu ba, dama ni ma ban yi niyya ba. Sai muka zauna a bakin wani tafki mai matakala. Wai a da nan ake jefa rubutun mawaƙa, mai kyau ya taso, na banza ya nutse. Na tuna baitocin da nake liƙawa a Facebook, na ja bakina na yi shiru.

A zauren da suke kira mai ginshiƙi dubu kuwa, dattijon da bakinsa ya ce 985 ne. Jinin 'yan kasuwa ya motsa, na ce an ci mu 15, na fara ƙirga. Ina wajen sittin na ɓace, dattijon ma ya ɓace min. Na bi ayarin mutane har na ga rana.

Na miƙa takarda a rumfar takalma. Mutumin ya duba, ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin e ne ko a'a, ya nuna min hanya da hannu. Ashe manyan ƙofofin huɗu ne, gabas da yamma, kudu da arewa, kowacce da rumfarta, kuma a idon baƙo duk uwarsu ɗaya.

Watan Afrilu ne, rana tsaka. Ban san ƙasa na iya yin zafin kaskon suya ba sai ranar. Tsofaffin mata suna wuce ni ba takalmi, hankali kwance, da furen yasmin a gashi, ni kuwa ƙato da babbar riga ina rawar koroso. In na ga inuwar kanti in yi tsalle in faɗa, in tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Har hulata na cire na taka, Allah ya yafe min, zanna bukar ce. Ƙofa ta biyu aka kaɗa min kai. Ta uku ma haka, har wani yaro ya bi ni yana kwaikwayon tafiyata. Da na isa ta gabas, sai ga takalmin a kan kanta yana kallona. Na zura ƙafa, ta ƙi shiga, ta kumbura.

Washegari likita ya kwance wa Kawu bandeji. Ya ƙifta ido, ya kalli taga, ya yi hamdala, sannan ya sauke kallonsa kan ƙafafuna da suka sha man shafawa suna ƙyalli.

"Kai ɗan nan, ni aka kawo asibiti ko kai?"

"Kawu, tarihi na je gani."

"Da ƙafa ka gan shi?"