Tanki guda ba guzurin daji ba ne

Don Allah a daina cewa tsautsayi ne. Tun jiya nake ganin ana yawo da bidiyon nan, kowa na rubuta "ƙaddara ta riga fata". Wace ƙaddara? A bidiyon, mutum ya ɗauki motarsa kat-kat ya kai wajen mai walda, aka ƙera masa tankin lita 200, aka ɗora a kan rufin mota, aka shafa fenti, aka sa famfo mai walƙiya, ya kwashi abokai huɗu suka nufi gandun dajin Gadabeji kallon raƙuman dawa. Ruwansu kaf yana cikin tankin nan. Ko bido ɗaya, wato jarka, babu a cikin motar. Suka wuce Dakoro, gargadar hanya ta yi aikinta, walda ta buɗe, ruwa ya bi bayan mota yana ban ruwa ga karangiya, su kuwa suna ciki da kiɗa da sanyin mota. Da ba don Fulanin da suka iske a bakin rijiya ba, da yanzu wani zancen muke.

Alhamdulillahi sun dawo lafiya. Amma a bar ni in faɗa: wanda ya zuba ruwansa duka a mazubi guda ya shiga daji, ba shi da ruwa. Aro ya yi daga wajen walda, kuma walda tana karɓar abinta ranar da ta ga dama.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita 200 kilo 200 ke nan, ban da nauyin ƙarfen tankin. Buhu huɗu na siminti ka ɗora a saman mota, sannan ka ce za ka hau tudun rairayi a karkace. Abin da ya fi muni, tankin da aka sha rabinsa ya fi cikakke haɗari, domin ruwan yana kai da kawo a ciki, ka karya kwana dama shi ya watsu hagu da dukan nauyinsa. Kowane direban tanka ya san wannan, shi ya sa ake raba cikin tankarsu gida-gida. Shi kuwa mai gidan namu ko shamaki ɗaya ba a sa masa a ciki ba. Sannan rana ta Afrilu da Mayu, zafin da ke haura digiri 40, tana dukan ƙarfen nan tun safe. Ruwan da za ka sha ke nan ko na fige kaza?

Na san abin da za a ce. "Ai Turawa masu yawon buɗe ido da tanki suke zuwa." To, sannu Bature. Je ka leƙa motarsu da kyau: tankin yana ƙasa, tsakanin tayoyi ko bayan kujera, kuma duk da haka za ka ga jarkoki a ɗaure a gefe. Kai hoton ka gani a Facebook, ba ka ga lissafin ba. Wani kuma ya rubuto mini cewa laifin mai walda ne. Mu ɗauka haka ne. To in ba walda ba fa? Kututture ya fizge famfo, ko yaro ya bar shi a buɗe, ko ka cika a rijiyar da ruwanta ya ɓaci. Duk ɗaya ne: mazubi guda, asara guda, komai ya tafi lokaci ɗaya.

Bidon nan mai ruwan ɗorawa na lita 25 da kuke rainawa, wanda ake kawo man girki a ciki, wanda matan unguwa ke jerawa a bakin famfo, shi ne sarkin tafiyar daji. Takwas daga cikinsu lita 200 ne cif. Ɗaya ya fashe, bakwai na nan. Kana iya ƙirga abin da ya rage da ido, ba sai ka ƙwanƙwasa ƙarfe kana sauraro ba. Kana iya jera su a ƙasan mota, bayan kujera, ka ɗaure tam, nauyi ya zauna inda ya kamata. Ka ware na sha daban, na girki da alwala daban, na lagireto daban. Mota ta mutu? Ka ɗauki bido ka ɗora wa jaki ko amalanke zuwa rijiya. Ka iske wasu a hanya cikin ƙishi? Ka sauke musu guda ka wuce. Ku gaya mini yadda ake ɗora tankin walda a bayan jaki.

Sharaɗi dai, a wanke shi sosai, kuma kada a kuskura a zuba ruwan sha a bidon da ya taɓa ɗaukar esanshi ko gazuwal, roba tana shan warin kuma ba ya fita. A duba murfi, a sa leda a bakin kafin a murɗa. Ruwan rijiya ko na tabki a jefa masa ƙwayar Aquatabs mai tsabtace ruwa daidai yadda aka rubuta, a jira minti 30. Mai son sanyi ya yi abin da direbobin Agadas ke yi tun da daɗewa: a ɗinke bidon cikin buhun algarara, a jiƙa, a rataya inda iska ke bugu. Jakar roban nan ta zamani da ake shimfiɗawa a ƙasan mota ba laifi, amma ƙayar aduwa ɗaya ta ishe ta, don haka ita ma ƙari ce, ba ita ce madogara ba.

Yanzu in bar wasa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Ƴan ƙasarmu Nijar ne. Su talauci ya fitar da su, ba su da zaɓi. Kai da ka fita yawon shan iska da kuɗinka da motarka, kana da zaɓi, kuma ran mutanen da ka ɗauka amana ce a wuyanka. Ni lissafina lita 10 ga kowane mutum a rana, sannan a ƙara na kwana biyu don ɓacin rana. Kuma a raba shi. A raba shi! Ba a fafe gora ranar tafiya.

Af, tun da zance ya zo nan, wa ke ɗinka salka a Maradi yanzu? Na zagaya babbar kasuwa kwanaki ban ga ko ɗaya ba. Garin jar akuya fa, wadda fatarta ta yi suna har Turai da sunan fatar Maroko, amma a ce sai mutum ya je kasuwar Dakoro ko ya roƙi Buzu. Wanda ya san baduku mai yin ta ya ajiye mini bayani a ƙasa, guda biyu nake so, kuma a jeme ta da bagaruwa sosai, ba irin wadda ruwa zai kwana yana warin bunsuru ba.